Fedojin Ɗan Asabe a Kan Tabarmar Baba

Ina gaishe ku, 'yan uwa masu bin labarina. Wata baiwar Allah ta rubuto min a ƙasan rubutun da ya wuce, ta ce, "Taiba, wai duk kukan nan a kan ƙarafuna kike yi?" Wallahi ban ji haushi ba, don ni ma da farko ƙarafuna na ɗauke su. Ki gyara zama ki ji, ke da duk wanda yau ya fara shigowa.

Ni ce auta a gidan Malam Jatau mahauci, nan Talata Mafara. Gidanmu gidan fawa ne tun kakanni. Ƙanshin kitse da yajin kilishi ya riga ya kama bangon tsakar gidanmu, ko turaren wuta Inna ta saka sai ya leƙo ta ƙarƙashi. Ina koyarwa a wata makarantar firamare. Wanda nake so sunansa Ɗan Asabe, mutumin Birnin Tudu ne a ƙasar Bakura, kuma ma'aikacin ruwa ne a noman rani na Bakolori. Shi ke buɗe ƙofofin kanal ya rufe, ya raba wa manoman shinkafa ruwa. Da wannan aikin Baba ya san shi, da shi kuma ya ba shi izinin zuwa zance. Abin da Baba bai sani ba shi ne, in Ɗan Asabe ya tashi daga aiki, jitar lantarki yake kaɗawa, kuma yana tara fedoji kamar yadda wasu ke tara tattabaru.

Feda ɗan akwatin ƙarfe ne, wani bai fi sabulun wanki girma ba. Ana haɗa ta da waya tsakanin jita da lasifika, a ajiye a ƙasa. In mai kiɗa ya taka ta da ƙafa sai muryar jitar ta sauya, kowace feda da irin muryar da take bayarwa.

A gidan Hannah na fara ganin su. Hannah tare muke koyarwa, tana kuma ɗinki a gida, mijinta Elijah yana aiki a ofishin noman rani, yana kuma kaɗa jita a cocinsu. Na je karɓar ɗinki na tarar da maza biyu durƙushe a tsakar falo, wayoyi sun cika leda, suna musu a kan wasu fedoji biyu koraye masu kama ɗaya sak. Elijah ya ce murya ɗaya gare su, suna ne kawai ya bambanta. Baƙon, wato Ɗan Asabe, ya ce ƙarya ne, ɗaya tsohuwa ce 'yar Japan, ɗaya kwafi ce.

"Malama," in ji baƙon, bai ma san sunana ba, "don Allah juya mana baya ki raba gardama. Ke ba ki da ɓangare."

Na ja hijabina na juya ina dariya. Ya kaɗa, ya taka, ya sake kaɗawa.

Na ce, "Ta farko kamar mutum ne ya tashi daga barci yana magana. Ta biyu kamar shi ne dai, amma ta cikin hanci."

Baƙon ya ajiye jitar. Sai na ji ya ce, "Elijah, ka ji ko? Tun yaushe nake neman yadda zan faɗi wannan." Daga nan abin ya fara.

Wasu samarin saƙon "kin ci abinci" suke turowa. Ni nawa saƙon murya yake turo min, kiɗa ɗaya, ya bi da shi ta feda daban-daban, sannan ya rubuta: "Malama, wace ce wannan?" Ina zaune ina tsince shinkafa, abin ji ɗaya a kunnena a ƙarƙashin ɗankwali, in saurara in ba shi amsa. Sunayensu na Turanci ba su zauna min a baki ba, sai na raɗa musu nawa. Mai ruwan lemo ita ce Gurnani, don in ya taka ta kamar rago ya ga ɗan uwansa. Shuɗiyar na sa mata Kanal, saboda tana sa murya ta riƙa rawa kamar hasken rana a kan ruwa. Akwai wata mai zagaye, Zuma, wadda ke ƙugi kamar an rufe ƙudan zuma a gwangwani. Ita wannan ta fi daɗi in batirinta ya kusa mutuwa, shi ya sa yake bin mutane yana roƙon tsohon batir, har abokan aikinsa na yi masa tsiya. Masu amsa-kuwwa biyu ne. Sabuwar tana maimaita abin da ka kaɗa daidai yadda ka kaɗa shi. Tsohuwar kuwa duk maimaitawa sai muryar ta ƙara dushewa, kamar mai magana yana tafiya yana nisa. Shi sabuwar yake so. Ni na ce tsohuwar ta fi gaskiya. Mun yi sati muna wannan rigimar, har na ƙi ɗaga wayarsa rana guda, ku ji shirme.

Wata daga gwanjo ya samo ta, wata wani direban tirela ya taho masa da ita daga Legas, wata musaya suka yi da Elijah. Ya jera su a kan wani guntun katako da ya cire daga tsohuwar taga. Yau ya sa Gurnani gaban amsa-kuwwa, gobe ya mayar da ita baya, ya turo min in faɗi wanne ya fi. Ban taɓa taɓa jita ba a rayuwata. Amma shi ne mutum na farko da ya tambaye ni me na ji, ya kuma tsaya ya saurari amsar.

Adda Lantana ce ta fasa maganar. Yayata ce, tana aure a Damri. Ta zo wuni ranar wata Alhamis cikin leshinta ruwan goro, ko mayafi ba ta cire ba ta miƙa wa Inna waya.

"Inna, duba min wanga. Ba mai ruwan Taiba ba ne?"

Bidiyon wani biki ne a Gusau. Ga Ɗan Asabe nan a gefen masu kiɗa, jita a rataye, yana taka katakonsa, wani yana manna masa kuɗi a goshi. Ina tsugune ina kwashe tuwo, na ji mara ta suɓuce daga hannuna.

"Ke kin sani?" Inna ta tambaye ni.

"Na sani, Inna."

"Kin sani kika yi shiru, kika bar ubanki shina gaya ma mutane surukinai ma'aikacin gwamnati ne?"

"Ai ma'aikacin ne."

Adda ta ce, "Awo, da rana. Da marece kuma maroƙi."

Baba ya dawo bayan La'asar, ya zauna a kan turmi yana wanke wuƙaƙensa. Inna ta nuna masa. Ya kalla har ƙarshe, ya sa aka mayar masa farko. Ku da kuke karanta labarina kun san Baba ba mai faɗa ba ne, kuma da ya yi faɗan da ya fi min sauƙi. Ya goge hannu da tsumma ya kira ni. Na durƙusa nesa kaɗan.

"Taiba, mu mahauta mu aka yi ma kalangu. Makaɗi shi ka biyo mu kasuwa, ya kaɗa, mu yanka mai tsoka, a rabu lahiya. Ba mu raina su ba. Amma gidan ga ba a taɓa ba makaɗi ɗiya ba, kuma ba a farawa kaina."

"Baba, ba sana'arsa ba ce. Sha'awa ce kawai."

"Sha'awar ita nika tsoro. Sana'a ana barin ta in an samu wadda ta fi." Ya ɗauki wata wuƙa ya duba kaifinta. "Yaron shina da ladabi, ban ga aibunai ba. Ki gaya mai, ya rabu da kayan ga duka, in gani da idona, sannan magabatanai su zo. In bai iyawa, ban tilasta miki kowa, ban kuma tilasta mai. Sai ki zauna har Allah Ya kawo wani."

Da na shiga ɗaki ina kuka Inna ta biyo ni, ta zauna a bakin gado tana jan zaren zanenta. Ita ta gaya min abin da ban taɓa ji ba. Baba yana da ƙane, Umaru, uwa ɗaya uba ɗaya. Lokacin da ake ginin dam ɗin Bakolori su biyu ke kai nama sansanin ma'aikata a kan keke. A can akwai wurin shaƙatawa da masu kaɗa jita, Umaru ya riƙa maƙalewa yana kallo. Da aiki ya ƙare masu kiɗan suka tattara suka yi kudu, ya bi su. Kakarmu ta rasu tana tambayar ko ya aiko. Har yau ba wanda ya san ko yana raye.

"Kin ga ba ƙiyayya ba ce," in ji Inna. "Ki lallashi yaron. Ƙarfe ne fa, Taiba."

Ranar Juma'a Ɗan Asabe ya zo da yamma kamar kullum. Na sa atamfata mai ganyen shuɗi, na ɗora farin hijabi, na shafa humra a wuyan hannu. Na kai masa tabarma zaure da zoɓo mai sanyi. Yana sanye da yadi ruwan toka, hularsa ta ɗan karkace, ƙafafunsa duk jar ƙasar bakin kanal. Muka gaisa, ya tambayi Baba, ya tambayi Inna, ya tambayi gajiyar makaranta, sannan ya sa hannu aljihu yana murmushi.

"Na samo wata, Malama. Ki ji yadda take sa murya ta riƙa ɗaukewa tana dawowa kamar..."

"Baba ya ga bidiyon Gusau."

Hannunsa ya tsaya a aljihun. Na faɗa masa komai, ban rage ba, har labarin Baffa Umaru. Bai katse ni ba. Da na gama ya ɗauki kofin zoɓon ya riƙe, bai sha ba.

"Duka ya ce?"

"Duka."

"Jitar ba komai, Elijah zai riƙe. Fedojin ma..." Ya ajiye kofin. "Kin san Mai Kuka?"

Na san ta a murya, ban taɓa ganin ta ba. Ita kaɗai ce ba ya fita da ita. In ya taka ta jitar sai ta riƙa cewa wa, wa, kamar jinjiri.

"Ba saye na yi ba," ya ce. "Ta babana ce. Ƙauyenmu na asali can wajen Maradun yake, yanzu yana ƙarƙashin ruwan dam. Da gonar ta tafi sai ya shiga sansani yana dafa wa Turawa abinci. Wani daga cikinsu ya koya masa jita, da zai koma gida ya bar masa ita da wannan fedar. Jitar ta lalace tun ina yaro. Ban san gonarmu ba, Taiba, ban san gidan da aka haife shi ba. Shi kansa ban gama saninsa ba ya rasu. Abin da na gada ke nan. Wurin da yake ɗora ƙafa ya lotsa, in na taka sai ƙafata ta faɗa daidai wurin."

Me zan ce masa? Ku gaya min, me za ku ce? Na ce, "Ka yi tunani." Ya ce zai yi. Da zai tafi ya manta bai nuna min sabuwar ba, ni ma ban tuna masa ba.

A daren ya rubuto: "Na isa lafiya." Na rubuta: "Alhamdu lillah." Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Ba abin da ya shigo.

Ba a jima ba aka katse sabis ɗin waya a jihar gaba ɗaya saboda matsalar 'yan bindiga. Waɗanda ke Zamfara a lokacin sun san abin da nake faɗi. Aka rufe makarantu, aka dakatar da kasuwannin mako, aka hana safarar shanu. Ranar Talata ta zo garinmu shiru kamar ba Talata Mafara ba. Hanyar Bakura ba mai bin ta sai da dalili mai ƙarfi. Wayata ta koma fitila da agogo.

Baba, wanda tun tasowata ban taɓa ganin sa a gida da hantsi ba, ya koma zaman tsakar gida. Ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin rumfa, rediyo a gefensa, ya wasa wuƙar da ba abin da za ta yanka. Wani lokaci a samu ɗan akuya a cikin unguwa ya yanka, rabin naman ma a gida za a ci. In na ɗauki hijabi sai ya ɗago.

"Ina zuwa?"

"Gidan Hannah, Baba."

"Gari ba lahiya. Zauna."

Sai in zauna. Daga ɗaki zuwa madafa, daga madafa zuwa bakin rijiya. Na wanke kayan da ba su yi datti ba. Na warware kitsona na sake kama shi da kaina. Adda ta sake zuwa ta maƙale a gidanmu da 'ya'yanta saboda hanya, muka koma ɗaki ɗaya, kullum da maganar da za ta sako.

"Da shina son ki da ya zo. Ƙafa ba ta buƙatar sabis."

"Adda, hanya ce ba kyau."

"Ga ɗan Sarkin Fawa can ya gama gini nai, har tayil. Ke kina nan kina jiran mai taka gwangwani."

Abin da ya rage min shi ne tsofaffin saƙonnin muryarsa. In rana ta take kowa ya kwanta ƙailula, sai in shige bayan randa in sa abin ji a kunne. Na saurare su har na haddace inda yake jan numfashi kafin ya taka. Na fara jin abin da ban ji ba a da: ƙugin janareta a bayan Gurnani, kukan zakaran maƙwabtansa a cikin Kanal, wani wuri da ya yi kuskure ya yi tsaki a hankali. Na Mai Kuka guda ɗaya ne tak, gajere, kuma shi kaɗai ne bai rubuta "wace ce wannan" a ƙasansa ba. Wata rana na kama kaina ina roƙon Allah Ya sa ya rabu da su ya zo. Da na shafa addu'ar sai na ji kamar na yi masa sata. Washegari na roƙi Allah kada ya rabu da su, sai na tuna ma'anar hakan a kaina. Na daina sanin abin da zan roƙa, na koma cewa Allah Ya zaɓa.

Ana cikin haka wata Laraba bayan Azahar muka ji sallamar mace. Hannah ce, ta yafa gyale a kan doguwar rigarta, tana jan wata jaka mai nauyi da hannu biyu. Ta durƙusa har ƙasa gaban Baba.

"Baba, ina wuni. Ina gajiya. Ya muka ji da zaman nan?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Ya maigidan naki? Ya yara? Ya haƙuri da gari?"

Suka gaisa mai tsawo, ni kuwa idona na kan jakar. Na gane igiyar da aka ɗaure bakinta, wayar jita ce baƙa.

"Saƙo ne daga Ɗan Asabe," in ji Hannah. "Ya ce a kawo maka hannunka. Jitar da lasifikar ya bar wa Elijah kyauta, ba aro ba. Waɗannan kuma ya ce ka ƙona, ko ka ba da, duk yadda ka gani."

Baba ya kashe rediyo. "Taiba, zo ki zazzage."

Na durƙusa na kwance wayar. Kowace ya naɗe ta da tsumma, wata da tsohuwar singileti, wata da safa. Na riƙa warwarewa ina jerawa a kan tabarmar Baba. Ga Gurnani, fentinta ya goge a gefe. Ga koraye biyun da suka haɗa mu. Ga Kanal, ga Zuma, ga masu amsa-kuwwa. Ga wata 'yar ƙarama ruwan ƙasa da ban sani ba, na gane ita ce ta aljihunsa ranar Juma'ar nan. Yawancinsu yau na fara riƙe su a hannu, ni da na san muryar kowace kamar ta 'yan ajinmu. Sun fi yadda na zata nauyi. Ya cire musu batir duka, ya goge su tas.

Inna ta fito da ludayi a hannu. Adda ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu. "Waɗanga ne? A kan waɗanga aka ta da hankalin gida?"

Baba ya ɗauki shuɗiyar, ya juya ta, ya danna da babban yatsa ta yi ƙas, ya ajiye. Na ga fuskarsa ta saki, irin sakin da ban gani ba tun da aka rufe kasuwa.

"Yaron ya yi abin maza," ya ce. Sannan ya dube ni. "Ke kin san su. Su ke nan duka?"

Na riga na kai hannu gindin jakar tun ɗazu. Ba komai sai tsumma.

'Yan uwa, kalma ɗaya ce tsakanina da aure. In ce "e", shi ke nan. Baba bai san su ba, Inna ba ta sani ba, Adda ba ta sani ba. Hannah ta kafa ido a ƙasa tana wasa da bakin gyalenta. Inna kuwa tana yi min wani kallo, kallon ki ce e mu huta. Amma Baba tun ina ƙarama in yana son sanin wa ya sha nonon da ke ƙwarya, ni yake tambaya ba Adda ba, don ya ce Taiba ba ta iya ƙarya ba. Kuma a gidan Ɗan Asabe zan zauna, Baba zai zo wata rana, ko 'ya'yan Adda su gani su faɗa.

"Saura ɗaya, Baba."

Inna ta ce, "Inna lillahi," ta koma madafa.

"Ta mahaifinsa ce," na ce da sauri. "Gado ce. Tun zamanin ginin dam. Ba ya zuwa biki da ita, ko ƙofar gida ba ta fita. Baba, ita kaɗai ya..."

"Doguwa, baƙa?" Baba ya katse ni. "Wadda aka takawa gaba da baya kamar keken ɗinki? Mai kuka kamar jinjiri?"

Na ɗago na dube shi. "Ka san ta?"

Yana kallon fedojin, amma ba su yake gani ba.

"Irin ta ce mukan ji tun daga bakin shingen sansani in mun kai nama," ya ce a hankali. "Sai Umaru ya ce, Yaya, tsaya ka ji, ƙarfe na kuka. In ce mai taho mu tahi, nama na lalacewa. Ya ce in yi gaba shina zuwa." Ya share fuska da tafin hannu. "Waɗanga duk wasan yara ne. Ita ce nika nufi. In ita tana gidan, ba ki shiga gidan."

"Baba, don Allah..."

"Na gama magana, Taiba. Kin hwaɗi gaskiya, Allah Shi yi miki albarka. Kwashe su ki kai ɗakina."

Na kwashe. Na kai ɗakinsa na dawo. Hannah ta yi sallama, Baba ya ce in taka mata zuwa zaure, kada in wuce. Muna shiga zauren ta damƙe hannuna.

"Yana nan," ta ce da raɗa.

"Wa?"

"Ɗan Asabe. Yana bakin layi cikin motar Elijah, gindin darbejiya. Tun jiya ya shigo gari, a wurinmu ya kwana. Fedar tana kan cinyarsa. Ya sa ta a jakar ya cire, ya sa ya cire, har Elijah ya ce mu tafi haka. Ya ce in Baba bai tambaya ba, shi ke nan. In ya tambaya, to ke za ki yanke. In kin ce ya shigo da ita, yanzu zai shigo ya ajiye ta gaban Baba."

"Ni? Don me ni?"

"Ya ce shi ya kasa."

Na leƙa tsakar gida. Baba ya juya baya yana alwala. An ce kada in wuce zaure. Na ja hijabina na rufe rabin fuska, na fita da silifas ɗin Inna a ƙafata.

Layin ba kowa sai awaki. Elijah ya hango ni ya fito daga motar ya koma gefe. Ɗan Asabe yana kujerar baya, gilashi a sauke. Ya rame, gemunsa ya fito ba gyara, yadin nan ruwan toka ne a jikinsa duk ya yamutse. Ban gaishe shi ba, shi ma bai gaishe ni ba. Idona ya sauka a kan cinyarsa. Baƙa ce, doguwa, tsatsa ta ci gefenta, an yanko guntun taya an yi mata ƙafafu. A saman robar ga lotsawar nan, siffar tafin ƙafar mutum.

"Ya tambaya?" ya ce.

"Ya tambaya. Na faɗa masa."

Ya gyaɗa kai. "Na san za ki faɗa." Ya ɗago ta da hannu biyu ya miƙo ta taga. "Ki ce in kai, Taiba. Wallahi zan kai, kuma ba zan taɓa yi miki gori ba. Ki faɗa kawai."

Na yarda ba zai yi gori ba. Abin da na hango shi ne mutumin da zai riƙa dawowa daga bakin kanal ya zauna shiru a ƙofar ɗaki, in kawo masa abinci ya ce an gode, shekara da shekaru, kuma ni na ce ya kai. Na sa tafin hannuna a kan ƙarfen, ya yi zafi da rana, na tura shi ciki.

"Kada ka ba da ita."

"Kin san me kike faɗi? In ban ba da ba..."

"Na sani. Na fi ka sani, ni ce a cikin gidan. Ka riƙe abin babanka."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai na ga idonsa ya wuce ni ya tsaya a bayana. Ya yi wuf ya cire hularsa, ya shiga laluben murfin mota.

Na juya. Baba ne tsaye a tsakiyar layi, ko takalmi babu, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa. Ba ni yake kallo ba, ba kuma Ɗan Asabe ba. Abin da ke kan kujerar motar yake kallo.

"Taiba, koma gida," ya ce. Sannan ya ɗaga murya kaɗan. "Kai kuma, ɗauko ta ka biyo ni zaure. Elijah, kana da lasifika cikin motar ga?"

Elijah ya ce, "Tana but ɗin mota, Baba. Da jitar."

"Taho da su."